Riɗi Ɗari a Faranti

A Gadarif, bayan ɗakin awon jini,
akwai wani lungu mai fanka da ke tari.
Nan nake wuni, ni da kwamfuta,
ina ɗinka wa tsoro riga.

Dakta Ihlas ta dire min takarda:
"Huɗu cikin ɗari ba sa tashi daga wannan tiyata.
Zana shi yadda majinyaci zai gane.
Kada ka firgita shi, kada ka yi masa ƙarya."
Ta fice, ta bar ni tsakanin kada da kada,
ni ko iyo ban iya ba.

Na ja layi mai hawa da gangara,
likitoci suka ce madalla.
Na kai wa masu jira a baranda,
wata ta juya shi sama a ƙasa,
ta ce, "Wane dutse ne wannan?"
Na yi da'ira, na yanke ɓari kamar kankana,
na shafa masa ja,
wani ya ga jini, ya nemi takalmansa.
In na rubuta casa'in da shida na warkewa, fuska ta saki,
in na ce huɗu na tafiya, sai salati.
Alhali lissafin bai motsa ba.

Ran Talata aka kawo Baba Cindo
daga gonakin riɗi, da ƙasa a dunduniya.
Ya dubi takarduna kamar kuɗin wata ƙasa.
Sai na ari farantin mai shayi,
na ƙirga farin riɗi casa'in da shida,
na jera baƙi huɗu a gefe, tsaf.

Ya ce, "Wa ya ware su haka,
kamar baƙi a ƙofar gida?
Yaro, ajali ba ya bin sahu."
Ya karɓa, ya girgiza, kamar mai sheƙa.
Huɗun suka nutse cikin jama'a,
kowane fari ya zama maƙwabcin wani baƙi.

Dakta ta leƙo ta ce, "A warwatse sun fi huɗu a ido."
Ya ce, "A tare kuma, sun yi kama da rabon wani."

Na ce, "Ai ba kasafai ba ne, Baba."
Ya ɗaga hannun dama, ya buɗe shi a fuskata,
yatsu shida.
"Haka ungozoma ta gaya wa gyatumata.
Shekara saba'in ke nan
ina riƙe fartanya da ba kasafai ba."

Fanka ta yi tari. Ban ce uffan ba.

Sai ya ce, "To, ina ɗaya farantin?"
"Wane?"
"Na wanda ya ƙi wuƙa ya koma gida.
Ba a sayen buhu sai an ga na kusa da shi."
Wata uku ina zane,
ban taɓa zana mutumin da ya ce a'a ba.
Dakta ta faɗi adadi, na koma wurin mai shayi.
Wannan karon baƙin riɗin da na tanada
da ƙyar ya isa.

Ya daɗe yana duban su biyun,
leɓensa na motsi, ban sani ba
ko ƙidaya ce ko addu'a.
Ya ce a kawo tawada.
Ya dangwala babban yatsa,
ƙaramin na shida yana lilo a gefe kamar shaida.

Alhamis da hantsi suka tura shi ciki.
Na zauna da farantin farko a cinya,
na sake ƙirgawa don hannu ya samu aiki:
casa'in da tara.
Ɗaya ta faɗi, ko wajen girgiza, ko a hanya.
Da na duba baƙaƙen, da na san wacce ce.
Na rufe farantin da takardar layi mai gangara,
na zuba wa ƙofa ido.